Yadda ake mayar da martanin da ke kashe bakin mai suka

Na daɗe ina horar da ɗaliban sakandare muhawara a nan Kaduna, kuma da zarar kakar zaɓe ta ƙarato sai samari masu sha'awar zama sojojin baka su fara sallama a ƙofar gidana a Tudun Wada. Buƙatarsu ɗaya ce: "Malam, a koya mana maganar da in muka yaɓa wa mutum ba zai ƙara tashi ba." Kusan kowannensu wayarsa cike take da zantukan Churchill da na wasu janar-janar, ya haddace su kamar karatun allo, yana jiran ranar harbi. Har yau ban ga wanda wannan hanya ta fisshe shi ba. Na ji su a rediyo, na gan su a teburin mai shayi a Kawo da Unguwar Sanusi. A soke su ta gabas, su rama ta yamma, su gama suna murmushi su kaɗai, masu sauraro kuwa na duban juna suna tambayar me ya kawo wannan zance.

Ga yadda nake koyarwa. Batun tsayuwa da riƙe makirufo da gyaran murya duk na tsallake su, wanda bai iya waɗannan ba ya je ya koyo tukuna.

Matakin farko, ka san wa kake yi wa magana. Mai sukarka ba zai ce ka yi gaskiya ba ko za ku kwana kuna yi. Mutanen da ke zaune suna saurare su ne alƙalai, don su kake magana. Saboda haka akwai waɗanda ba a mayar wa martani sam: mahaifi, malaminka, surukinka, da duk wanda ya isa ya haife ka. A wurina wannan doka ce. In ka kashe bakin dattijo a bainar jama'a kai ne ka faɗi, domin Bahaushe zai manta abin da ake gardama a kai, ya riƙe cewa yaron nan ba shi da kunya. Sannan ka bambance martani da baƙar magana. Martani maganar mutum yake duka, baƙar magana kuwa uwarsa take nema, ko ƙabilarsa, ko addininsa, ko wata nakasa da Allah ya ɗora masa. Garin da ya ga abin da ya gani a 2000 da 2002 da 2011 ba wurin gwada kaifin harshe a kan addini ko ƙabila ba ne. Ɗalibin da ya yi haka a gabana ranar ya bar ƙungiya.

Na biyu shi ne shiri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin amsoshin da ake cewa nan take suka zo, an daɗe da dafa su. A 5 ga Oktoban 1988 aka yi muhawarar masu neman kujerar mataimakin shugaban Amurka. Dan Quayle, mai shekara 41, ya saba kwatanta gogewarsa a majalisa da ta John Kennedy, tsohon shugaban Amurka da ake yi wa laƙabi da Jack, a wuraren yaƙin neman zaɓe, kuma ɓangaren abokin karawarsa, Lloyd Bentsen, sun lura da haka. Yana maimaitawa a dandalin muhawara sai Bentsen ya ce masa: "Sanata, na yi aiki da Jack Kennedy. Na san Jack Kennedy. Jack Kennedy abokina ne. Sanata, kai ba Jack Kennedy ba ne." Abin lura shi ne Bentsen ya jira sai da mutumin ya faɗa da bakinsa. Kai ma ka sayi ƙaramin littafin rubutu da biro, ba sai ka ƙona kuɗin data ba. Shafin hagu ka rubuta zarge-zarge goma mafi zafi da za a iya yi maka ko a yi wa wanda kake karewa, har da waɗanda ba ka son ji. Shafin dama ka rubuta gaskiyar kowanne: kwanan wata, adadi, wa ya sa hannu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, nan ni ma na faɗi, don haka zan daɗe a kai. Mataki na uku saurare ne. Martani mai kaifi daga bakin mai sukar ake ciro shi. Wanda ya shigo da amsarsa a aljihu yakan toshe kunne yana jiran ɗayan ya numfasa ya harba, ta haka yake rasa kalmar da aka miƙo masa kyauta.

Duba yadda na da suka yi. Filib sarkin Makidoniya, mahaifin Iskandar, ya aika wa mutanen Siparta a ƙasar Girka cewa idan ya shigo ƙasarsu zai tarwatsa su. Suka mayar masa da takarda mai kalma ɗaya: "Idan." Kalmarsa ce, daga jimlarsa suka tsamo ta. Marubucin nan Plutarch ya kawo labarin ne a cikin wani rubutu da ya yi kan illar yawan surutu. Kafin wannan, a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka gaya wa wani sojan Siparta mai suna Dienekes cewa dakarun Farisa suna da yawan da in suka saki kibau sai sun rufe rana. Ya ce madalla, ke nan a inuwa za mu yi yaƙi. Hoton da aka kawo don a tsorata shi, shi ya karɓa ya juya.

A namu tarihin ma haka ne. Ɗabari ya ruwaito cewa a yaƙin Yarmuk wani ya dubi sahu ya ce wa Khalid bin Walid (RA): kai, Rumawa na da yawa, Musulmi kuwa 'yan kaɗan. Khalid ya ce Rumawa ne 'yan kaɗan, Musulmi ke da yawa, domin runduna da nasara take yawaita, da taɓewa take ƙaranta, ba da adadin mazaje ba. Kalmomi biyu mutumin ya kawo, yawa da kaɗan, su Khalid ya sauya wa mazauni. Ibn Khaldun kuma ya kawo a Muƙaddima cewa wani ya tambayi Sayyidina Ali (RA) me ya sa mutane suka saɓa a kansa alhali ba su saɓa a kan Abubakar da Umar ba. Ya ce: saboda su irina suka mulka, ni kuwa irinka nake mulka.

Wanda na fi so duk a ciki na gida ne, kuma nakan kai ɗalibai Gidan Arewa, inda Sardauna ya zauna, kafin in ba su shi. John Paden ya rubuta a littafinsa na tarihin Sardauna, wanda ya fito a 1986, cewa Dakta Azikiwe ya ce wa Sir Ahmadu Bello su manta da bambance-bambancensu. Sardauna ya ce a'a, mu dai fahimci bambance-bambancenmu. Ni Musulmi ne ɗan Arewa, kai Kirista ne ɗan Gabas, da fahimtar wannan za mu gina haɗin kan ƙasarmu. Kalma ɗaya ya cire, "manta", ya sa "fahimta". Babu zagi, babu ɗaga murya, kuma babu abin da za ka ƙara bayan haka.

Ga abin da ya same ni. Wata shekara ina sakataren ƙungiyar unguwarmu, muka tara kuɗin gyaran magudanar ruwa, aikin ya makara, ruwa ya shiga gidaje. Na san za a soke mu a taro, don haka na kwana ina wasa wata jimla a kan masu ƙin biya da suka fi kowa baki. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Wani dattijo ya miƙe ya ce: "Ku yaran nan kun karɓi kuɗinmu tun kafin damina, yau ga shi muna kwana a tsaye." Ban bari ya zauna ba na ce: "Baba, wanda bai ba da ko kwabo ba shi ya fi kowa sanin inda kuɗi suka shiga." Wurin ya yi tsit. Dattijon bai ce komai ba, ya cire hularsa, ya zaro wata takarda da aka ninke huɗu, gumi ya jiƙa gefenta, ya miƙa wa mai unguwa. Rasidi ne, da sa hannuna, lamba ta ɗaya. Shi ya fara biya a duk unguwar. Ya mai da hular ya ce: "Ɗana, Allah ya shirye ka."

Laifi biyu na yi a numfashi ɗaya: na taɓa wanda ba a taɓawa, kuma ban saurare shi ba. Amsar tana cikin maganarsa. Ya ce "tun kafin damina", alhali littafin da ke kan cinyata ya nuna kuɗin ba su cika ba sai da damina ta yi nisa. Da na ce, "Baba, naku ya shigo kafin damina, Allah ya saka da alheri, amma na sauran sai da ruwa ya sauka," da na girmama shi, na wanke kwamiti, kuma masu jan ƙafa sun sha jinin jikinsu ba tare da na kama sunan kowa ba. Wannan jimla sai da na kwanta da dare ta zo mini, ihu bayan hari. Washegari bayan asuba na je gidansa na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya yafe, amma an yi shekaru ana tuna mini a unguwa.

Tun daga nan na sauya yadda nake horarwa. Mako biyu na farko ba wanda nake bari ya mayar da martani. Aikinsu shi ne su kunna rediyo lokacin shirye-shiryen siyasa na dare, su zaɓi mai magana ɗaya, su rubuta jimlarsa kalma da kalma yadda ya faɗa, ba yadda suka fahimta ba. In ya yi sauri a ɗauka a waya a sake ji, wannan ba ya cin ko sisi. Sai su ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta fi rauni. Kusan kullum ɗaya ce daga cikin waɗannan: "duka", "kullum", "ba a taɓa", "kowa ya sani", "idan", ko wani kwanan wata, ko wani adadi da aka faɗa da ka. Wanda ya ce "ba a taɓa yi mana komai ba", misali ɗaya tak ya ishe ka. Wanda ya ce "kowa ya sani", ka roƙe shi ya ambaci mutum ɗaya. Bayan haka nakan zaunar da su biyu-biyu, kuma ba ka da izinin amsawa sai ka maimaita abin da abokinka ya faɗa har ya yarda cewa haka ya ce. Yara sun tsani wannan darasi, suna cewa ɓata lokaci ne. Waɗanda suka jure su ne daga baya ake jin tsoron haɗuwa da su.

Kada ka ji tsoron ɗan jinkiri kafin ka amsa. Ƙirga uku a zuci. A kunnenka zai yi kamar shekara, a kunnen jama'a kuwa natsuwa ce.

Mataki na huɗu: me za ka yi in sukar gaskiya ce? Masu koyo musu suke yi, su ƙara nutsewa. Bahaushe ya riga ya gama magana, faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. A 1984 shugaban Amurka Ronald Reagan yana da shekara 73, ya yi rawar da ba ta gamsar ba a muhawarar farko da Walter Mondale, ana ta cewa tsufa ya kama shi. A ta biyu, 21 ga Oktoba, aka yi masa tambayar kai tsaye. Ya ce shi ba zai mai da shekaru abin yaƙin neman zaɓe ba, ba zai ci ribar siyasa da ƙuruciya da rashin gogewar abokin takararsa ba. Mondale mai shekara 56 shi kansa sai da ya yi dariya. Reagan ya ci jihohi 49 cikin 50.

In abin ba na wasa ba ne, ka karɓi zargin ka sauya tambayar. A Mayun 2016 aka ji Firaministan Birtaniya David Cameron yana gaya wa Sarauniya cewa Najeriya na cikin ƙasashen da cin hanci ya yi wa katutu. 'Yan jarida a Landan suka zuba ido su ga ko marigayi Muhammadu Buhari zai nemi a ba shi haƙuri. Ya ce ba ya neman kowa ya ba shi haƙuri, me zai yi da ban haƙuri, abin da yake nema a dawo da dukiyar da aka sace. Bai musa ba, sai dai ya sa kowa ya koma tambayar a bankunan wa kuɗin suke kwance. Haka Nelson Mandela ya yi a Yunin 1990 a birnin New York, watanni kaɗan da fitowarsa daga kurkuku, da aka tsare shi kan abotarsa da Arafat da Gaddafi da Castro. Ya ce kuskuren da wasu masu sharhin siyasa ke yi shi ne zaton cewa dole maƙiyansu su zama maƙiyanmu. Sai dai wasa wuri yake yi. Shi Buharin ne a Oktoban 2016, a Balin, tsaye kusa da Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, ya amsa tambaya kan hirar da mai ɗakinsa ta yi da BBC Hausa da zancen kicin da falo da ɗaya ɗakin. Maimakon a rufe magana sai aka buɗe sabuwa, duniya ta yi ta yi da shi. Dubi wa ke tsaye kusa da kai kafin ka yi raha.

Na biyar, rage. Dokata ita ce numfashi ɗaya: abin da ba za ka iya faɗa ba sai ka ja numfashi na biyu, jawabi ne, ajiye shi. A 22 ga Disamban 1944 Jamusawa sun yi wa sojojin Amurka ƙawanya a garin Baston na Beljiyam, suka aiko da doguwar takarda suna ba su awa biyu su miƙa wuya. Janar Anthony McAuliffe da ya ji sai ya furta wata kalma ta Turancin Amurka wadda da Hausa za a ce "Shirme!" Da aka zauna rubuta amsa ya rasa abin cewa, wani hafsansa ya ce ai babu abin da zai fi kalmar farkon nan. Ita aka buga a takarda ita kaɗai, tsakanin "zuwa ga kwamandan Jamus" da "daga kwamandan Amurka". Ka rubuta amsarka, ka soke rabi, ka sake soke duk wani "a gaskiya" da "ina so in tabbatar maka" da "kamar yadda kowa ya sani".

Na shida, kada ka faɗi abin da babu komai a bayansa. Su McAuliffe sun riƙe garin har agaji ya iso a 26 ga Disamba, shi ya sa ake tuna kalmar. A 25 ga Oktoban 1962, a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, jakadan Amurka Adlai Stevenson ya tambayi na Tarayyar Sobiyet, Valerian Zorin, ko yana musun cewa sun girke makamai masu linzami a Kiyuba, e ko a'a. Zorin ya ce shi ba a kotun Amurka yake ba. Stevenson ya ce ai a kotun ra'ayin duniya kake, sannan ya sa aka kafa hotunan da jiragen leƙen asiri suka ɗauko. Gani ya kori ji. Haka Haruna Rashid da sarkin Rum Niƙfur ya rubuto masa cewa ya daina biyan harajin da ake biya, sai ya juya takardar ya rubuta a bayanta cewa amsar ita ce abin da za ka gani, ba abin da za ka ji ba, kuma a 806 ya ci garin Hiraƙla. Janar Murtala Muhammed, wanda filin taronmu na Kaduna ke ɗauke da sunansa, ya sami wasiƙar Shugaba Gerald Ford na Amurka kan yadda ya kamata Afirka ta yi da rikicin Angola. A 11 ga Janairun 1976 ya tsaya a Adis Ababa ya ce Afirka ta kawo ƙarfi, ba ta ƙarƙashin wata ƙasa ta wajen nahiyar. Maganar ta yi nauyi ne saboda Najeriya ta riga ta amince da gwamnatin MPLA, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke rikicin Angola, tana kuma tallafa mata. Kai a matakinka, abin da ke bayan maganarka shi ne takarda, ko hoto, ko kwanan wata. Ka shiga da su a hannu. Kuma ka sani kashe baki ba cin zaɓe ba ne: su Bentsen sun sha kaye a 1988, Filib kuma daga baya ya shiga ƙasar Siparta ya ƙwace musu yankuna.

Sauran a taƙaice. Faɗi da murya ƙasa da ta mai sukar, fuska a sake. Kana gamawa ka yi shiru: kada ka maimaita, kada ka fassara, kada ka riga jama'a dariya, kada ka waiga kana neman tafi. Rabin ɗalibaina a nan suke zubar da abin da suka tara, su buga daidai sannan su ci gaba da bayani har mutumin ya farfaɗo. Harbi ɗaya a zama ɗaya ya isa. In mai gabatar da shiri ya matsa ka ƙara, ka ce ka gama.

In za ka jingina magana ga wani babba, tabbatar shi ya faɗa. Labarin nan na matar da ta ce wa Churchill da mijinta ne da ta sa masa guba a shayi, ya ce da matarsa ce da ya sha, barkwanci ne da ke yawo a jaridu tun kafin a liƙa masa. Ka faɗe shi a gaban wanda ya sani, ka miƙa masa sandar dukanka.

Bayan taro ka nemi mai sukar ku gaisa, musamman in ya girme ka. Da dare ka saurari abin da aka ɗauka a waya, ka buɗe littafin nan naka, ka rubuta jimlar da ya faɗa a shafin hagu, abin da ka amsa a dama, sannan a ƙasa kalmar da ya miƙo maka ba ka ɗauka ba.